Gudun Gogen Baba Tankari

Ku da kuke zuba wa mutane waƙa a memori a bakin tasha, ina jin abin da kuke faɗa in kun wuce ta gaban kwantenata: wai aikin Baba Yahuza danna jan maɓalli ne kawai a koma a zauna. Ban ji haushi ba. Ni ma ranar da na fara ganin maigidana yana aiki haka na ɗauka. Ku jawo benci in faɗa muku abin da ke tsakanin danna maɓallin nan da fitowar murya.

Aikin farko da aka ba ni kaset ne na wani direban tasi, wanda rediyon motarsa ta haɗiye ta amayo. Lokacin babana ya kai ni unguwar Krofrom wurin Masta Awudu mai gyaran rediyo, da ƙwaryar goro, ya ce ga ɗa nan, a koya masa abin da zai ci abinci. Masta ya zube zaren kaset ɗin a kan tebur, ya cukurkuɗe kamar hanjin kaza, ya miƙo mini biro ya ce, "Mayar da shi gidansa." Na kama bakin zaren na ja. Kafin in ja na biyu ya buge mini hannu.

"Igiyar akuya ka samu? Mutum ne a ciki yake magana. In ka ja shi ya miƙe, muryarsa ta miƙe ke nan har abada."

Ranar na wuni ina warware ƙulli da yatsu biyu, ina murza biro a hankali. Da aka sa kaset ɗin, inda na ja ɗin nan mawaƙin ya yi wani gurnani kamar wanda aka shaƙe. Masta ya mayar da wurin baya ya sake sa mini, ya sake, har kunnena ya riƙe.

Kayan aikinmu ba su da yawa, duk za su shiga gwangwanin madara. Reza sabuwa, wadda ba a yanka komai da ita sai zare. Salatif mai laushi, shi ma a bayan zare ake manna shi, ba a fuskar da murya take ba, kuma a karkace ake yanka, don in an yanka a miƙe sai ka ji ƙas a wurin haɗin. Auduga da sifirit na goge kan rikoda. Sai ɗan siririn sukudireba, wanda Masta yake rataye shi a wuya da zare kamar laya. Da shi ake murɗa 'yar ƙusar da ke gefen kan rikoda har murya ta washe, don kowane kaset da kwanciyar kan da aka ɗauke shi da shi. Ba a ganin wannan da ido, da kunne ake yi. In bel ɗin roba ya saki, ba ma jiran na Turai. Suame Magazin, unguwar makanikai, muke zuwa, a yanko mana daga tsohon tiyub ɗin mota. Akwai wani tsoho ɗan ƙabilar Asante mai injin fiƙe ƙarfe a can, in ka kai masa ƙaramar taya da ta cinye, sai ya ɗaga ta ya duba da rana, ya ce, "Yoo, dawo da yamma." In ka dawo ka ga sabuwa, ba ka bambance ta da ta kamfani.

Ɗaukar murya a wajen biki kuwa, a kan Baba Tankari na koya. Ku ba ku riske shi yana kiɗa ba, amma iyayenku sun san shi. Mutumin Madawa ne ta ƙasar Nijar, ya biyo fataken shanu ya sauka unguwar Aboabo da gogensa a cikin buhu, bai sake komawa ba. Mahauta shi ne makaɗinsu, direbobi ma haka, da 'yan goro. Daga Tamale da Ankara, babban birnin ƙasar nan, ake aiko masa da mota. Ni da idona na ga matan Asante masu tallan borodi, waɗanda ba sa jin ko kalma ɗaya ta Hausa, sun sauke tire sun tsaya har ya gama. Kafin ya fara yakan daɗe yana shafa ƙaro a izga, yana karkata kai yana ja a hankali, jama'a suna ta ƙorafi, shi ko a jikinsa.

Masta ne yake ɗaukarsa, da wata rikoda mai batir, don wutar lantarki a lokacin ba abin dogaro ba ce. Ni kuma in riƙe makirfo da aka ɗaure a sandar tsintsiya. In ka kai shi kusa da masu ƙwarya, ƙwarya ta cinye goge. In ka kai bakin mawaƙi, goge ya koma kamar kukan sauro a bayan ɗaki. Wurin yana can ƙasa da kafaɗarsa ta hagu, kuma in ya juya dole ka juya tare da shi. Kaset ɗin da aka ɗauka a wurin shi muke kira uwa. Daga uwa ake haifar 'ya'ya, a sayar. Wasu daga cikin uwayen ma Masta ya ɗauke su tun ina rarrafe.

Shekarun kaset shekarun cin abinci ne. Direba ba ya kama hanyar Bolga babu Tankari a mota. Ban da kiɗa akwai masu wa'azi, akwai masu aika saƙo gida. Ina tuna wata tsohuwa Bazabarma da ta zo za ta aika wa ɗanta magana a Libiya. Na danna mata, ta fara gaisuwa: ta gaishe shi, ta gaida maigidansa, ta gaida maƙwabtansa da ba ta taɓa gani ba, ta isar da gaisuwar kowa na gidan haya ɗaki ɗaki. Gefe guda ya ƙare ba ta kai ga maganar ba. Na ce, "Mma, a juya, sai ki faɗi abin da ya kawo ki." Ta ce, "Ai shi ke nan, ɗana. So nake ya ji ina nan." A irin waɗannan na koyi cewa ba a gaggauta mai magana, kuma abin da ka ji a shago a shago yake kwana.

Da Masta Awudu ya rasu, Allah ya jiƙansa, iyalinsa suka ɗauki rediyoyi da kujeru, suka ce kwalin tsofaffin kaset ɗin nan ni ya ce a ba. Uwayen Tankari duka suna ciki. Na kawo su shagona na Aboabo, kusa da babbar kwata, na ajiye a ƙasan kanta.

Mummunar shekara ba rana ɗaya ta zo ba. Faifan CD ya fara rage mana, waya ta zo ta ƙarasa. Sai in wuni ban ga kowa ba sai mai neman canjin batir. Abokan sana'a wasu suka koma sayar da katin waya, wani ya koma tuƙa babur. Ni na sayi tsohuwar kwamfuta na koyi juye kaset zuwa memori, ina ɗan samun na koko da ƙosai daga masu wa'azin iyayensu. A cikin wannan hali ne damina ta yi mana gyara. Kwata ta toshe da leda, ruwa ya hau titi, ya shiga shaguna. Da na iso da safe, ruwan ya janye ya bar laka har gwiwa a bango, kwalin nan ya narke, kaset suna kwance cikin taɓo kamar kifi.

Wani maƙwabci ya ce in shanya su a rana. Da na bi shawararsa da yau babu labarin da zan ba ku, don rana lanƙwasa zare take yi. Abin da na yi, na kwance kowane kaset, masu ƙusa na kwance da sukudireba, waɗanda aka liƙe na fasa su da wuƙa ta gefe. Na ɗauraye naɗin zaren da ruwan leda, don na famfo ma ranar ja ne. Na jera su a ɗaki a kan tabarma, fanka tana kaɗawa in akwai wuta, in babu matata ta taya ni da mafici. Da suka bushe na riƙa naɗe su da hannu ta cikin auduga, ina share fumfuna, ina sa kowanne a sabon gida. Wasu sun manne sun zama dutse, waɗannan sun tafi. Waɗanda suka tsira kuma sun zama majinyata: in ka sa ɗaya a rikoda, sai ka ga jan gari ya taru a kai. Garin nan muryar ce take zuba. Kowane sawa yana rage ta. Don haka na rufe su ban ƙara taɓawa ba, ina jiran ranar da zan samu natsuwa in juye su sau ɗaya, yadda ya kamata.

Ana nan wata ranar Laraba da hantsi sai ga Hajiya Ramatu, 'yar Baba Tankari, mai sayar da atamfa a babbar kasuwa. Mun san juna tun muna yara. Muka gaisa, ta zauna a wannan bencin da kuke kai.

"Yaya Yahuza, an ce uwayen kaset ɗin Baba suna wurinka."

"Abin da ruwa ya bari yana nan."

"Jikinsa ya shanye ɓari guda. Hannun da yake kiɗa da shi ba ya motsi koraa, ko kaɗan. Jikoki sun sa masa kiɗansa a waya don ya ji daɗi, sai ya ce a kashe. Wai ba shi ba ne. Mun ɗauka rikicin tsufa ne, amma kullum maganar ke nan. Shi ne na ce ko in ya ji na asali zai huta."

Na gaya mata gaskiya, cewa wasu kaset ɗin sawa ɗaya ko biyu suka rage musu. In za a sa, to a sa kwamfuta tana ɗauka, kuma gara yana zaune a wurin. Ta ce za ta kawo shi.

Bayan kwana biyu suka zo a tasi, direban ya taya mu ɗauko shi muka zaunar a kujera, aka tokare shi da matashi. Ya rame, amma idon nan yana nan. Ya dube ni ya ce, "Yaron Awudu. Kai ne mai tsokane mini kafaɗa da tsintsiya." Na ce ni ne, Baba. Na zaɓi mafi tsufa a cikin uwayen, wani bikin mahauta da Masta ya ɗauka kafin zuwana. Na goge kai, na murɗa ƙusa, na danna.

Goge ya taso, wanda duk Zango ya sani, mai zaƙi, mai gudu, irin wanda yake sa direba ya taka mota. Ni a kunnena lafiya lau ne. Bai daɗe ba Baba ya ɗaga hannunsa mai lafiya.

"Tsaya. Wannan wani yaro ne mai sauri. Ni ban taɓa korar kiɗa haka ba. Kuma gogena namiji ne, wannan kuwa kukan jariri yake."

Hajiya ta dube ni, irin kallon nan na ka gani ko. Ni kuwa na tsayar da rikoda, don wani abu ya faɗo mini. Rikodar Masta da batir take aiki. Batir in ya yi sanyi, injin yana jan zare a hankali yayin ɗauka. In aka zo aka sa kaset ɗin a rikoda mai cikakken ƙarfi, sai komai ya ƙara gudu, murya ta sirance ta hau sama. Kuma a zamanin batir yana da wuyar samu, ana amfani da shi har sai ya mutu, a shanya shi a rana a sake sawa. Daga wannan uwar aka haifi 'ya'ya, daga 'ya'ya jikoki, har zuwa wayoyinku. Duk ƙasar nan ta san Tankari da gudun da ba nasa ba.

Na ce, "Baba, kai ne da gaskiya. Akwai magani, amma sai da kunnenka."

A bayan injin rikoda akwai wani ɗan rami, in ka zura siririn sukudireba ka murɗa, gudu yana raguwa ko ya ƙaru. Matsalar ita ce ina za ka tsaya. Babu ma'auni. Kuma ba ni da damar in yi ta gwaji, don jan garin nan ya riga ya fara taruwa. Na buɗe murfi, na zura sukudireba, na sake dannawa, ina murɗawa kaɗan kaɗan. Goge ya fara sauka, ya yi kauri. Ƙwarya ta daina tsere. Baba ya rufe ido yana cewa, "Ƙara. Ƙara kaɗan." Can ya ce ya yi yawa, na dawo. Ya sake cewa a'a. Na ga shi kansa yana lalube, don shekaru sun yi nisa, hannun da zai tuna masa kuma ya mutu.

Sai 'yan amshi suka shigo. A cikinsu akwai mace ɗaya da muryarta take fita sama da ta sauran. A kaset ɗin da muka saba ji, siririyar murya ce kamar ta yarinya, babu wanda ya taɓa tambayar ko wace ce. Baba ya buɗe ido.

"Bar gogen. Bi macen nan. Sauke ta."

Na sauke. Muryar ta cika, ta yi wani ɗan kaushi a ƙarshen kalma. Ban kai ga tsayawa ba Hajiya Ramatu ta miƙe tsaye, jakarta ta faɗi ƙasa.

"Baba, wannan ai Mma ce."

"Nan ne," in ji shi. "Cire hannunka, yaron Awudu. Nan ne."

Na zare sukudireba na bar kaset ya tafi. Muka saurara har gefen ya ƙare. Gogen da ya fito ranar ban taɓa jin sa a rikoda ba, sai dai a da, ina tsaye da sandar tsintsiya: mai nauyi, yana tafiya kamar babban mutum da ba ya tsoron a bar shi a baya.

Mahaifiyar Hajiya, Mma Hawa, ta rasu da daɗewa. Mu da muka san ta, mun san ta ne a matsayin 'yar kasuwar goro, mai zuwa makarantar matan aure, wadda ake kira in za a yi wa mace wankan gawa. Ko guɗa ban taɓa jin ta yi ba. Hajiya ta koma ta zauna, ta ce, "Ba ta taɓa faɗa mana ba."

Baba ya ce, "Kafin in aure ta ita ce take mini amshi. Da aka ɗaura, ta ce ta ajiye, kuma ba ta so 'ya'yanta su tashi ana ce musu 'ya'yan zabiya. Na riƙe mata. Amma yau in ban bi muryarta ba, ban san inda zan samo kaina ba."

Daga nan maganar ta bar hannuna. Na ce wa Hajiya abin da aka juye nata ne. In ta so ya tsaya a gida, zan zuba mata a memori ɗaya in share nawa. In an fitar kuwa, tsofaffin unguwa za su gane muryar, kuma kun san bakin mutanenmu. Ta ce in ba ta lokaci. Ta yi mako ba ta zo ba. Na ji daga baya cewa sai da suka yi zama da 'yan'uwanta, wani ƙaninta mai koyarwa a makarantar Arabiyya bai so ba. Ranar da ta dawo ta ce, "A fitar. Mma ta ɓoye don mu, mu kuwa ga mu mun tsufa, babu abin da zai same mu. Amma kada a rubuta sunanta. Wanda ya gane, ya yi mata addu'a."

Muka ci gaba da aiki. Ana kawo Baba da safe in jikinsa ya yarda, mu yi kaset ɗaya ko rabi, ya gaji a mayar da shi. Kowane kaset da nasa gudun, don kowane biki da ƙarfin batirinsa, wani ma yana fara daidai ya ƙare a guje. Inda Mma Hawa take ciki aiki yana sauƙi, uba da 'ya suna cewa nan ne kusan tare. Inda babu ita sai mu daɗe.

Kada ku ɗauka da aka fitar kowa ya yi murna. Direbobi suka ce na lalata musu Tankari, na sa shi ya yi sanyi, wannan barci zai sa mutum a hanya. Wani mahauci ya rantse cewa yana wurin bikin kuma da gudu aka yi. Na kai wa Baba ƙara, ya yi dariya da rabin bakinsa ya ce, "Bar musu nasu. Sun yi shekaru suna tafiya da shi, ya zama ɗan gidansu. Ni dai na ji nawa." Shi ya sa har yau iri biyu ne suke yawo a Zango, kuma mai gudun ya fi yawa a wayoyinku. Amma akwai wata tsohuwa daga Sabon Zango da ta zo da sanda, ta ce in sa mata na bikin mahauta. Ta ji har ƙarshe, ta share fuska da gefen mayafi, ta ce, "Allah ya jiƙan Hawa," ta tashi ta tafi. Ban tambaye ta komai ba.

Baba Tankari ya rasu kafin azumin shekarar, ba mu gama ba. Waɗanda suka rage da muryar Mma Hawa, Hajiya ta zo mun ƙarasa su da kunnenta. Amma akwai sauran, na shekarun bayan aure, inda babu sai shi da gogensa da maza masu ƙwarya waɗanda duk sun kwanta dama. Waɗannan na juye su yadda suke, don kada zaren ya ƙarasa zubewa, amma ban sauya gudunsu ba. Nakan zauna in saurara, in ji kamar a ɗan sauke, sai in tuna cewa ni ma da mai gudun kunnena ya girma. Ga su can a saman kanta, cikin gwangwanin biskit, inda ruwa ba zai kai ba. In a gidajenku akwai tsoho ko tsohuwa da ta taɓa zama a gaban Tankari tana da sauran ji, ku kawo mini ita da safe, kafin hayaniyar titi ta tashi. Kujera tana nan.